Yadda Abokin Hanya Ke Zama Amini: Jagora Ga Masu Doguwar Tafiyar Ƙafa

Duk wanda ya taɓa goya jaka ya shafe makonni yana taka sayyada a doguwar hanya ya san wani abu da ke ba mutanen gida mamaki. Mutumin da kuka haɗu ranar Litinin a bakin rafi, kafin Litinin ta zagayo sau biyu ya san abin da 'yan'uwanka na jini ba su sani ba game da kai. Akwai lissafi a ciki. Jeffrey Hall, malami a Jami'ar Kansas ta Amurka, ya fitar da bincike a 2018 da ya nuna cewa sai an yi kusan awa 50 tare kafin sanayya ta zama abota ta sama-sama, kusan awa 90 kafin a kira juna aboki, sannan sama da awa 200 kafin a kai ga aminci. A zaman gari, in kuna haɗuwa awa biyu a mako, awa 200 ɗin nan shekara biyu ce. A kan hanya kuwa, inda ake tashi tare, a yi tafiya tare, a ci tare, a kwana ƙarƙashin rufi ɗaya, awa 12 a rana ba komai ba ce. Kwana 17 sun isa.

Sai dai saurin shaƙuwa daban, ɗorewa daban. Da yawa daga cikin waɗanda suka rungume juna suna hawaye a ƙarshen hanya, bayan wata shida ko gaisuwa ba ta haɗa su. Hanya tana haɗa mutane kyauta, amma ba ita ke riƙe su ba. Abotar da ta kai shekara goma, in ka bincika, za ka tarar akwai abubuwan da masu ita suka yi da gangan, tun kafin su ɗaura takalmi har bayan kowa ya koma gidansa. Ga su nan bi da bi.

Mataki na ɗaya: zaɓi hanya da lokacin da mutane ke binta

Ba kowace doguwar hanya ce ke haɗa jama'a ba. Wata sai ka wuni ba ka ga ɗan'adam ba, wata kuma cunkoso ne ke hana sanayya.

Ga mai farawa, ni dai ban ga wadda ta kai Camino de Santiago ta Sifaniya ba, wato hanyar da ke ƙarewa a birnin Santiago, musamman reshenta da ke tasowa daga garin Saint-Jean-Pied-de-Port na Faransa, mai tsawon kusan kilomita 780, wanda yawanci ake gamawa cikin kwana 30 zuwa 35. Asalinta hanyar ziyarar ibada ce ta Kiristoci, amma yau masu addinai daban-daban da masu neman motsa jiki kawai duk suna binta. Abin da ya sa take haɗa mutane shi ne tsarinta: ƙauyuka a jere suke, zangon kwana kusan ɗaya ne ga kowa, masaukan matafiya kuma ɗakuna ne na gadaje masu hawa biyu. Wanda ka gani jiya za ka sake ganinsa gobe ko ba ku shirya ba. A wasu masaukan, kamar na cocin ƙauyen Grañón, baƙi ne ke haɗuwa su girka abincin dare su ci a teburi guda. Amma ka lura da abu ɗaya. Ana ba da takardar shaidar kammalawa ga wanda ya taka kilomita 100 na ƙarshe, shi ya sa ɗimbin jama'a ke farawa daga garin Sarria da ke kusa da ƙarshen hanyar, kuma a 2023 sama da mutum 400,000 ne suka karɓi takardar. Wanda ya faro daga Sarria kwana biyar ko shida kawai gare shi, cikin taron da yawancinsa ya zo da mutanensa. In abokai kake nema, fara daga nesa.

A Amurka akwai hanyar Appalachian, wadda aka kammala a 1937. Tana da kusan kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14 daga dutsen Springer a Jojiya zuwa dutsen Katahdin a Maine, tana cin wata biyar zuwa bakwai. Masu nufar arewa suna tashi ne a watan Maris da Afrilu, ayari guda, don haka ba a rasa abokin hira. Masu farowa daga arewa a watan Yuni ko Yuli kaɗan ne; ba su da yawan zaɓi, amma wanda suka samu sukan riƙe shi gam. Hanyar Pacific Crest, kusan kilomita 4,265 daga iyakar Meksiko zuwa ta Kanada, tana ba mutum 50 kacal izinin tashi daga kudu a kowace rana, saboda haka waɗanda kuka tashi rana ɗaya sukan zama 'yan ajinku. Te Araroa ta Niyu Zilan, kilomita 3,000, an buɗe ta a 2011.

In ba ka da watanni, kewayen dutsen Mont Blanc, kusan kilomita 170 ta Faransa da Italiya da Suwizalan, yakan ɗauki kwana goma ko sha ɗaya, kuma a bukkokin kan dutse teburi ɗaya ake zama. Ya isa a fara abota, ko da bai isa ta nuna ba.

Mataki na biyu: tafi da kayan da za su ishe ka kai kaɗai

Wannan ya yi kama da saɓanin abin da muke nema, amma shi ne tushe. Wanda ba shi da tantinsa, ko taswirarsa, ko abin tace ruwansa, ba aboki yake nema ba, jingina yake nema, kuma mutane suna gane haka da wuri. Haka nan in kun raba kaya, kai ka ɗauki tanti shi ya ɗauki risho, to kun ɗaure juna: ranar da ɗaya ya so tsayawa ɗaya ya so wucewa, rigima ce. Kowa ya riƙe abin kwanansa, ruwansa, guzurinsa, tocilarsa da kayan ɗaurin ciwo. Jakar kada ta wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinka, a Camino ma kashi 10 ake ba da shawara. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka sa ta a lissafi.

Zuwa kai kaɗai ya fi buɗe ƙofa. Mutum biyu da suka zo tare suna hira da harshensu, ba kowa ke iya kutsa kai tsakaninsu ba. Emma Gatewood, wadda ta taka hanyar Appalachian gaba ɗaya ita kaɗai a 1955 tana da shekara 67, ta sha kwana a gidajen mutanen da ba ta taɓa gani ba. In kuma dole da wani za ka zo, ku riƙa rabuwa a teburin cin abinci lokaci-lokaci.

Mataki na uku: makon farko, saki fuska amma kada ka yi alkawari

Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Gaishe da kowa. A Camino "Buen Camino" ake cewa, wato fatan alheri a hanya, kuma ta ishe ka buɗe baki da wanda ba ku jin yaren juna. Tambayoyin da ke jawo hira a hanya ƙanana ne: daga ina ka taso yau, akwai ruwa a gaba, yaya ƙafar? Ka bar tambayar sana'a da dalilin fitowa. Wani mutuwa ce ta fito da shi, wani rabuwar aure, wani korar aiki; zai faɗa da bakinsa in lokaci ya yi.

Ƙananan alheri sun fi dogon surutu aiki. Filasta ga mai bororo a dunduniya, ragowar man gas, sanar da na baya cewa rijiyar gaba ta ƙafe. In an miƙo maka kai ma ka karɓa. Wanda kullum shi ke bayarwa ba ya karɓa yana gina katanga ne bai sani ba.

A hanyar Appalachian akwai rumfunan kwana sama da 250, kuma galibinsu da littafin da matafiya ke rubutu a ciki. Karanta shi, ka kuma rubuta naka. Ta nan ake sanin wanda ke gaba da kwana biyu, har ranar da kuka haɗu sai ka ji kamar tsohon sani ne. A can kuma matafiya laƙabi suke raɗa wa juna, yawanci daga wani abin dariya da ya faru, har a yi wata biyar ba a san sunan yanka ba. Za mu dawo kan wannan. Za ka ga kuma ba a cika musabaha ba, dunƙulen hannu ake haɗawa. Ba girman kai ba ne: ƙwayar cutar norovirus mai sa amai da gudawa ta sha ɓarkewa a rumfunan, kuma man shafa hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe ta sosai, sai sabulu da ruwa. Don haka in za ka raba abinci, zuba wa mutum a tafinsa, kada ya tsoma hannu cikin ledarka.

Tun a kwanakin nan ka bayyana iyakokinka cikin raha: abin da ba ka ci, abin da ba ka sha, lokacin ibadarka, ƙarfe nawa kake kwanciya. In ka faɗa tun farko, halinka ne. In ka bari sai mako na uku, sai a ɗauka fushi ka yi. Abin da ba za ka faɗa ba shi ne "tare za mu ƙarasa". Ba ka san ƙafarsa ba tukuna, bai san taka ba.

Mataki na huɗu: daidaita sauri, don nan ne yawancin abota ke karyewa

Mutum biyu na iya son juna ƙwarai amma ƙafafunsu su ƙi jituwa. Wani mai sammako ne, kafin hantsi ya ci rabin zango. Wani sai rana ta ɗaga yake warwarewa. Wani gwanin hawa ne, gangara ke kashe masa gwiwa. Akwai tsohon ma'auni da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya kawo a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita biyar, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Ma'auni ne na mai ƙarfi marar nauyin kaya. Auna kanka da shi a kwanakin farko, ka san ko kana gabansa ko bayansa, don ka iya faɗa wa abokinka gaskiyar abin da za ka iya, ba abin da kake fata ba.

Haɗarin a bayyane yake. Mai jinkiri yakan matsa wa kansa don kada a bar shi, ya ƙara kilomita biyar ko goma a kan ƙarfinsa kullum, har jijiyar dunduniya ta kumbura ko ƙashin ƙauri ya fara tsagewa. Mai sauri kuma yana ta jira a kan dutse, sanyi na shigarsa, yana haɗiye haushi. Babu wanda ya yi laifi, amma bayan kwana goma ba mai son ganin wani.

Maganin da gogaggu suka gano shi ne a raba tafiya, a haɗa zango. Da safe ku tsayar da abu uku: inda za a huta da rana, inda za a kwana, da abin da za a yi in ɗaya bai iso ba. Na ukun nan shi ake mantawa. Ku faɗe shi ƙarara: "In ban iso ba zuwa faɗuwar rana, na yada zango a mashayar baya, kada ka dawo nemana. In gobe da azahar ba ka ji ɗuriyata ba, sanar da masu ceto." A wurare da yawa babu sabis na waya, don haka maganar baki ita ce abin dogaro, sai in kuna da na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. A ƙasashen Tarayyar Turai lambar gaggawa 112 ce. Bayan nan kowa ya kama gabansa, ya tsaya inda ya ga dama, ya yi shirunsa. Da yamma kowa na da labarin da zai ba ɗan'uwansa, abin da ba ya samuwa in an wuni ana bin dunduniyar juna.

Amma kada a daina jerawa gaba ɗaya. Wani gwaji da Scott Wiltermuth da Chip Heath suka wallafa a 2009 ya nuna cewa waɗanda aka sa su taka ƙafa a tare, taku ɗaya, sun fi ba juna haɗin kai daga baya. Awa ɗaya ko biyu a shimfiɗaɗɗen wuri, kafaɗa da kafaɗa, ta isa.

Mataki na biyar: duba hali a ranar wuya

Kowa mutumin kirki ne in rana na haske, ciki kuma a ƙoshe. Jira ranar da aka wuni cikin ruwan sama, aka ɓata hanya, aka iso masauki aka tarar ya cika. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wa ya koma baya duba wanda ya makara? Wa ya ɗora laifi a kan mai riƙe da taswira? Yaya yake magana da mai masauki, ko da ɗan sa-kai da ya ajiye wa matafiya ruwa a bakin titi? Yana tattara sharansa ko yana barinsa a daji? Me yake faɗa game da waɗanda ya rabu da su a baya? Abin da ya faɗa a kansu, shi zai faɗa a kanka.

Ga wani tarko. Binciken da Brock Bastian da abokan aikinsa suka wallafa a 2014 ya nuna cewa baƙin da suka sha wahala tare, ko da ta tsoma hannu cikin ruwan ƙanƙara ce, sun fi jin kusanci da juna. Wato wahala tana manna ka da duk wanda ke kusa, nagari ko mugu. Sabo turken wawa. Tambayi kanka: da a gari muka haɗu, cikin hutu da ƙoshi, zan nemi wannan mutumin? In amsar a'a ce, ku ci gaba da mutunci, amma kada ka canza tsarin tafiyarka saboda shi.

Ke kuma mai tafiya ke kaɗai, ba wanda ke bin ki bashin bayanin inda za ki kwana. In wani ya manne miki, ko hankalinki bai kwanta da shi ba, ki shiga cikin wani ayari, ki sanar da mai masauki, ko ki tsaya kwana ɗaya ya wuce. Kada ki sa wurin da kike a intanet sai kin bar shi. Aboki nagari ba ya jin haushin irin wannan taka-tsantsan.

Mataki na shida: kuɗi

A daji kowa daidai yake, gari ne ke nuna bambancin aljihu. Wani na son ɗakin otal da babban abinci, wani na ƙirga abin da zai kai shi ƙarshe. Ku yi maganar kafin ku shiga gari. In an haɗa kuɗin ɗaki ko mota, a biya nan take. In za ka taimaka, ka bayar kyauta daidai abin da ba zai dame ka ba. Bashi a hanya ba ya haifar da ɗa mai ido.

Mataki na bakwai: riƙe amanar hira

Tafiya gefe da gefe, ido na kallon gaba, tana sakin harshe fiye da zama fuska da fuska. Ga kuma tunanin cewa wataƙila ba za a sake haɗuwa ba. Shi ya sa za ka ji abin da mutum bai taɓa faɗa wa kowa ba. Masanin halayyar ɗan'adam Arthur Aron ya nuna a 1997 cewa kusanci na ƙaruwa ne in ɓangarorin biyu suna buɗe ciki a hankali, kowa na ba da nasa. Kada ka juye masa tarihinka duka a rana ɗaya, kada kuma ka zama mai sauraro kawai wanda ba a san komai nasa ba.

In ya faɗi abu mai nauyi, ba shawara yake nema ba galibi. Ci gaba da tafiya, ka bar shirun ya yi aikinsa. Sannan ka tuna cewa doguwar hanya ƙauye ce mai tsawo, labari na gudu a cikinta fiye da masu tafiyar. Abin da aka gaya maka a kan tudu, in ya riga ku isa masaukin gaba, abotar ta mutu ko da ba a yi faɗa ba. Hoto ma haka: tambayi mutum kafin ka sa fuskarsa a Facebook ko Instagram.

Mataki na takwas: saɓani, haɗari, da rabuwar tsakiyar hanya

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Yawancin faɗan hanya yunwa ce da gajiya da rashin barci saboda minsharin wani. Kafin ka mayar da magana, ci abinci, sha ruwa, ka kwana. In da safe abin na nan, ka faɗe shi kai tsaye, kai da shi, ba a gaban ayari ba. Cewa "yau ina son tafiya ni kaɗai" ba zagi ba ne, kuma ya kamata ku amince da haka tun farko.

Inda ba a rabuwa shi ne wurin haɗari. A tsaunukan Sierra Nevada da ke kan hanyar Pacific Crest, narkewar dusar ƙanƙara kan cika rafuka a farkon bazara, kuma mashigar Forester ta kai kusan mita 4,000. A irin nan ake jiran juna: a tsallake ruwa da sassafe kafin ya ƙaru, a kwance maɗaurin jaka na ƙugu, kada kowa ya wuce sai na ƙarshe ya haye. Daga mita 2,500 zuwa sama ciwon tsauni na iya kama kowa. In abokinka na ciwon kai da amai, ko yana tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, ƙasa za a yi da shi, kuma ba shi kaɗai ba. Ku sa doka: in mutum ɗaya ya ce bai yarda da wuri ba, an fasa, ba gori. Taro yakan sa mutane yin abin da ba wanda zai yi shi kaɗai.

Sannan akwai ranar da ɗaya zai tsaya. A hanyar Appalachian kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ke kaiwa ƙarshe, don haka zai yi wuya ayarinku ya isa a cike. In abokinka ya yi targaɗe ko kuɗinsa ya ƙare, raka shi har inda zai sami mota ko likita, ka kwana ɗaya tare da shi in da hali. Daga nan ka ci gaba, kada ka ji kunya. Abin da ke da muhimmanci shi ne kada ka yanke shi. Wanda ya koma gida da ciwo yana kallon hotunanku yana jin an manta da shi. Kira shi daga garin gaba, ka ba shi labarin waɗanda ya sani. A ganina abotar da ta fi ƙarko sau da yawa daga nan take fitowa, ba daga hoton kan kololuwa ba.

Mataki na tara: kafin a kai ƙarshe

Kada ka bari sai ranar ƙarshe. Ranar nan hayaniya ce: a dandalin Obradoiro da ke gaban babban cocin Santiago mutane na shigowa ta ko'ina, wani na sauri ya kama jirgi, wani iyalinsa sun zo tarbarsa. Tun saura mako guda ka karɓi cikakken suna na gaskiya, lambar waya da lambar ƙasa, adireshin imel da na gida. Ka rubuta a takarda ma, waya na faɗawa ruwa. Mutane da yawa sun dawo daga Appalachian da laƙabi kawai a hannu, suna bin kundin hotunan matafiya da hukumar kula da hanyar ke ajiyewa a ofishinta na Harpers Ferry ko za su dace.

Ka bar kwana ɗaya ko biyu bayan kammalawa kafin tikitin komawa. Wasu daga Santiago sukan ƙara kusan kilomita 90 zuwa Finisterre a bakin teku, su kaɗai da waɗanda suka fi shaƙuwa. Ku yi wanka, ku sa kayan gari, ku zauna ba tare da zangon gobe a rai ba. Wannan ne gwajin farko na ko kuna da abin faɗa wa juna in ba hanya. Kuma ka gode masa da abu takamaimai: "Ranar da gwiwata ta ƙi, ka ɗauki ruwana." Irin wannan ba a mantawa.

Mataki na goma: bayan an koma gida

Makonnin farko sukan yi nauyi. Jikin da ya saba motsi awa takwas ya zauna, 'yan gida sun gaji da labarin tun kwana na uku, wasu matafiyan har damuwa ke kama su. Sabo ake wa kuka. A nan abokin hanya ya fi kowa amfani, domin shi kaɗai ya san abin da ka rasa. Kira shi a makon farko, da murya, ba rubutu ba. In damuwar ta daɗe ko ta hana ka harkokinka, ga likita. Aboki ba ya maye gurbinsa.

Za a buɗe zauren WhatsApp na ayari. Zai yi zafi wata ɗaya, ya koma gaisuwar sabuwar shekara. Ba laifi, amma kada ka dogara da shi. Masanin nan na Jami'ar Oxford, Robin Dunbar, ya ƙiyasta cewa mutum na iya riƙe alaƙa da kusan mutum 150, amma na kusa-kusa ba su wuce biyar ba. Daga cikin ashirin da kuka yi tafiya tare, zaɓi ɗaya ko biyu, uku in ka matsa, ka zuba ƙarfinka a kansu. Ku tsayar da lokaci, misali Lahadin farko na kowane wata, ku daidaita da bambancin agogon ƙasashenku. "Sai mun yi waya" ba lokaci ba ne.

Babban abin da ke kashe irin wannan abota shi ne ta tsaya a kan tuna baya. Shekara ta farko "ka tuna ranar ƙanƙara?" na da daɗi. Shekara ta uku ta zama tatsuniyar da kowa ya haddace. Dole a shigo da yau: sunan 'ya'yansa, jikin mahaifiyarsa, jarrabawar da zai zauna, aikin da yake nema. Rubuta ranakun a kalanda, ka tambaya in sun zo. In ka tura masa hoton hanya, haɗa da labarin abin da kake ciki yanzu.

Zumunci a ƙafa yake, don haka ku sa ranar haɗuwa cikin shekarar farko, da kwanan wata, ba "wata rana" ba. Ka shirya ganin wani mutum daban. Wanda ka sani da gemu buzu-buzu da riga ɗaya yana dariya, za ka same shi cikin kayan ofis, yana duba agogo, yara na jan rigarsa. Awannin farko na iya yin sanyi, kuma maganinsu ku fita ku taka ko na awa biyu ne. Ka girmama iyalinsa ƙwarai, musamman in abotar tsakanin namiji da mace ce: abokin zamansa ya san ka, ya ji muryarka, kada a yi komai a ɓoye. Waɗanda suka riƙe gida wata biyar yana daji su ma suna da haƙƙi, kuma in ba su karɓe ka ba abotar ba za ta yi nisa ba.

In biza ko kuɗin jirgi sun hana ziyara, hanyar kanta na iya zama mahaɗa. Garin Damascus na jihar Bajiniya yana taron matafiyan Appalachian duk watan Mayu, inda 'yan kowace shekara ke neman juna. Ƙungiyoyin sa-kai kusan 30 ne ke gyaran hanyar, suna kuma karɓar hannu. A Camino tsofaffin matafiya kan dawo su yi aikin sa-kai na mako biyu a masauki, suna shara da girki da tarbar baƙi. Abokai biyu na iya neman a tura su wuri ɗaya.

In kun yanke shawarar sake tafiya tare, kada ku maimaita tsohuwar hanya, kwatance zai ɓata muku ita. Ku ɗauki sabuwa kuma gajera, kwana huɗu zuwa bakwai, kamar West Highland Way ta Sikotilan mai kilomita 154. Ku sake tattauna sauri da kuɗi da zango tun daga tushe kamar ba ku taɓa yi ba, domin gwiwar da ta yi kilomita 35 a rana shekara uku da suka wuce wataƙila yanzu 20 take iyawa. Kowa kuma ya zo da tantinsa.